Yadda Ake Shirya Kashi Guda na Wasan Barkwanci na Katun a kan Uba, Abota da Maƙwabtaka

Wasan barkwanci na katun mai zuwa kashi-kashi, wanda ake ginawa a kan iyali guda da mutanen da ke kewaye da su, ya yi ƙarfi ne a talabijin ɗin Amurka. A shekarar 1960 kamfanin Hanna-Barbera ya fara nuna The Flintstones a tashar ABC, kuma ginshiƙin wasan shi ne magidanta biyu da suke maƙwabta kuma aminan juna. The Simpsons, wanda ya fara fitowa a matsayin cikakken shiri a watan Disamba na 1989, bai kauce wa wannan tsari ba, domin a cikinsa ma akwai uba da matarsa da 'ya'yansa uku, ga kuma maƙwabcin da ke ba shi haushi don kawai ya fi shi natsuwa. Masu shirya wasanni suna yawan komawa ga wannan tsari saboda yana da arha kuma labarinsa ba ya ƙarewa: wuraren da za a zana kaɗan ne, mutanen ba su da yawa, kuma waɗanda katanga ɗaya ta raba ba sa rasa abin da zai haɗa su gobe. Hausawa sun riga sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa. Wannan bayani na wanda yake so ya shirya irin wannan kashi da Hausa ne, tun daga takarda har zuwa fim ɗin da za a ɗora a intanet ko a kai gidan talabijin.

Mataki na farko: a yanke tsawon kashin kafin a rubuta kalma ɗaya

A Amurka kashi guda yakan ɗauki kimanin minti 22, saboda rabin awa ake ba shi, ragowar mintunan kuma na tallace-tallace ne. Kafin mutum ya yi sha'awar wannan tsawo, ya kamata ya yi lissafi. Fim yana tafiya ne da hotuna 24 a kowace daƙiƙa, don haka minti 22 suna cin hotuna 31,680. Ko da an bi hanyar da masu katun ɗin talabijin suka saba, wato a bar kowane zane ya tsaya tsawon hotuna biyu, sai an cike gurbi 15,840. Shi ya sa kashi guda na The Simpsons yake ɗaukar fiye da wata shida, duk da ɗimbin ma'aikatan da ke kansa. Ga ƙungiyar mutum uku ko huɗu, shawarata ita ce a tsaya a minti 7, in an matsa a kai minti 11. Ba abin kunya ba ne, domin shirin Sazae-san na Japan, wanda ake nunawa tun 1969, gajerun labarai uku ne yake haɗawa a kowace fitowarsa. A nan kuma za a yanke ko fim ɗin zai tafi da hotuna 24 ko 25 a daƙiƙa. Talabijin a Najeriya da Nijar yana aiki da 25, saboda haka wanda yake da niyyar kai aikinsa can gara ya zaɓi 25 tun farko, ya kuma tsaya a kai har ƙarshe.

Mataki na biyu: a san mutanen, musamman uban

Wannan mataki ne ya fi kowanne buƙatar zama da tunani, kuma shi ne aka fi gaggawar tsallakewa. A ɗauki takarda guda ga kowane mutum, a rubuta sana'arsa, da abin da yake so a ce ya iya, da abin da yake ɓoyewa, da wanda yake jin kunya, da irin maganar da ba za ta taɓa fita daga bakinsa ba. Wannan ta ƙarshe ta fi sauran amfani, domin yawancin dariyar da za a samu tana fitowa ne daga ƙoƙarin mutum na kewaye maganar da ya kasa faɗa.

Akwai tarkon da mai kallon katun ɗin ƙasashen waje yake saurin faɗawa, wato ya mayar da uba wawa, ɗa kuma ya riƙa yi masa rashin kunya. Wannan ba zai karɓu a gidan da uba da 'ya'yansa za su zauna su kalli wasan tare ba, kuma ba a ma buƙatarsa. Uban da ya fi ba da dariya shi ne mai hankali, mai son iyalinsa, wanda girman kai ko kunya ko gasa da aboki suke sa shi ya ɗauki doguwar hanya zuwa abin da ke kusa. Al'adarmu ta ba marubuci wani kayan aiki da marubucin Amurka ba shi da shi, wato alkunyar ɗan fari. Uban da ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya yaba masa a gaban mutane, ba ya nuna ya damu da shi, alhali ransa yana kansa, ya riga ya zama mutumin da za a yi wa kashi ashirin ba a gaji ba.

Bari mu ƙirƙiri misalin da za mu bi har ƙarshe. Malam Buba tela ne, Bafulatani, yana da shago a zauren gidansa. Ɗansa na fari ya ci sunan kakansa, don haka Abba ake kiransa, shi kuwa Malam Buba "wancan yaron" yake cewa. Maƙwabcinsa kuma amininsa shi ne Malam Modu, Babarbare mai gyaran keke. An zaɓi Bafulatani da Babarbare da gangan, saboda wasan da ke tsakanin ƙabilun biyu yana ba su damar su gaya wa juna maganar da in wani ne ya faɗa sai an kai ga mai unguwa. Wanda labarinsa yake a wani wuri zai iya amfani da wasan Kanawa da Zagezagi, ko na taubasai. Sharaɗin kawai shi ne zolayar ta riƙa zuwa daga ɓangarorin biyu, kada a wayi gari ƙabila ɗaya ce kullum ake yi wa dariya. Sai a ƙara matar Malam Buba, wadda ita ce ke ganin gaskiyar lamari tun kafin kowa, da maƙwabci na uku, dattijo mai tsananin son katangarsa ta ƙasa. Mutum biyar sun isa kashi na minti 11. Duk wanda aka ƙara, sai an zana shi ta gaba da ta gefe, an nema masa murya, an kuma ba shi abin yi.

Mataki na uku: a taƙaita labarin cikin jumla guda

Idan labarin bai shiga jumla guda ba, bai nuna ba tukuna. Namu ga shi: Malam Buba ya ga ɗansa yana koyon hawan keke a hannun Malam Modu, kishi ya kama shi, amma ba zai iya karɓar aikin ba domin shi kansa bai iya hawa ba, kuma bai taɓa gaya wa kowa ba. A lura da ƙanƙantar abin. Ba a sace kowa ba, gida bai kama da wuta ba. Wannan nau'in wasa yana rayuwa ne a kan ƙaramin abu da mutum ya ɗauka da girma, kuma jumlar ta riga ta ƙunshi abubuwa ukun da ake nema: uba da ɗansa, aboki da abokinsa, da katangar da za ta shigo daga baya.

Idan tsawon ya kai minti 11, ana iya ƙara ƙaramin labari na biyu da zai riƙa ratsa babban, misali matan gidajen biyu suna neman turmin da kowacce take zaton yana wurin ɗayar. Amfaninsa shi ne ya ba da wurin tsallakawa idan ana so lokaci ya wuce a babban labari. Amma dole ne ya haɗu da babban kafin ƙarshe. In ba zai haɗu ba, a cire shi.

Mataki na huɗu: a raba labarin gaɓa uku

A gaɓa ta farko, wadda ba za ta wuce kashi ɗaya cikin huɗu na lokacin ba, a nuna abin da uban yake so da abin da ya tare shi. Malam Buba yana kan keken ɗinki, ya hango ta ƙofar zaure Abba yana tangal-tangal a kan keke, Malam Modu yana riƙe da sirdi yana gudu a bayansa. Yaron ya dawo gida da dare ba shi da zance sai "Baba Modu ya ce", "Baba Modu ya iya". Gaɓar ta ƙare a lokacin da Malam Buba ya faɗa a gaban majalisa cewa ranar Juma'a shi da kansa zai nuna wa yaron yadda ake hawa. Ya ɗaure kansa da bakinsa, kuma mai kallo ya san bai iya ba.

Gaɓa ta biyu ita ce mafi tsawo, kuma ƙa'idarta ita ce duk dabarar da uban ya yi ta ƙara jefa shi cikin matsala. Ya ari keke a wurin Malam Modu da sunan wani baƙo ne yake so, ya fita da shi bayan sallar isha'i inda ba mai ganinsa, ya faɗi sau biyu, a na uku ya tafi kai tsaye ya daki katangar dattijon nan da ruwan damina ya riga ya jiƙa. Da safe unguwa ta tashi da ɓaraka a katanga da sawun taya, kuma tunda kowa ya san wanda yake koyon keke a layin, sai zargi ya faɗa kan Abba da malaminsa. A nan ne labarin ya daina zama na faɗuwa daga keke kawai, domin yanzu shirun uban yana cutar da mutum biyun da ya fi so. Marubuci ya tabbata ya kawo labarinsa irin wannan wuri, inda ci gaba da ɓoyewa ya fi faɗar gaskiya tsada.

Gaɓa ta uku gajera ce. Uban ya faɗi gaskiya, amma ta hanyar da ta dace da halinsa. Malam Buba ba zai tsaya a tsakiyar layi ya yi jawabin nadama ba, kuma ba zai rungumi ɗansa ba. Zai fito ne da asuba da kwaɓaɓɓiyar ƙasa a kwano ya fara liƙe katangar, da ƙujewa a gwiwar hannunsa wadda kowa zai gani. Malam Modu, wanda ya gane komai tun lokacin da aka dawo masa da keke da lanƙwasasshen kai, ya zo ya tsuguna ya kama masa aikin, ya kuma zolaye shi. Daga nan a mayar da komai yadda yake, saboda kashi na gaba zai fara ne da mutanen nan a matsayinsu na da: Malam Buba bai daina girman kai ba, kuma har yanzu "wancan yaron" yake cewa.

Hanya mafi sauƙi ta gwada wannan tsari ita ce a rubuta kowace fitowa, wato abin da ya faru a wuri guda a lokaci guda, a kan ƙaramin kati, a jera katunan a kan tabarma, a karanta su bi da bi. Duk katin da aka cire labarin bai girgiza ba, ba a buƙatarsa.

Mataki na biyar: rubuta zance

Sai yanzu za a fara sa wa mutane magana a baki. A rubuta sunan wuri da lokaci a saman kowace fitowa, sannan abin da ake gani, sannan sunan mai magana da abin da ya ce. A katun dole ne a rubuta abin da ake gani dalla-dalla, domin babu ɗan wasan da zai ƙara wani motsi daga kansa. Abin da ba a rubuta ko aka zana ba, ba zai faru ba.

Matsalar da take ta musamman ga mai rubutu da Hausa ita ce gaisuwa. Ba zai yiwu maƙwabci ya shigo zaure babu sallama ba, amma kuma in aka bi gaisuwa har ƙarshenta a kowace fitowa, rabin lokacin ya tafi. Maganin shi ne ko dai a fara fitowar bayan an gama gaisawa, ko kuma a sa gaisuwar ta ɗauki nauyin labari. Ga yadda za ta iya kasancewa washegarin ranar da kishi ya fara:

MALAM MODU: Salamu alaikum. Ɗan Fulani, an tashi lafiya?
MALAM BUBA, bai ɗago kai daga ɗinki ba: Wa alaikumus salam. Lafiya.
MALAM MODU: Yaya iyali?
MALAM BUBA: Ai kai ya kamata a tambaya, tunda a ƙofarka suke wuni.
MALAM MODU: To in ka ga dama ka zo ka karɓi ɗalibinka mana.
MALAM BUBA: Ni da nake kan keke tun safe har dare, wa zai nuna mini hawa?

Babu wanda ya ambaci kishi, amma mai kallo ya ji shi, kuma amsar ƙarshe ita ce ta fara jan Malam Buba zuwa alkawarin da zai jefa shi cikin wahala. Haka ake so kowane layi ya kasance: ko ya ba da dariya, ko ya tura labari gaba, mafi kyau kuma ya yi duka biyun. A kula da yadda kowa yake kiran kowa. Abba zai ce "Baba", maƙwabcin ma "Baba Modu" ne a wurinsa. Matar gida za ta ce "Malam". Dattijon kuwa kowa zai rusuna masa ko da ana cikin rigima. A kuma sa kalmar da ke ɗauke da dariya ta zo a ƙarshen jumla, kada a bi ta da wani bayani. Karin magana yana da daɗi a bakin dattijo, amma in kowa ya riƙa jefa shi, mutanen za su koma murya ɗaya.

Mataki na shida: zaman karatu

A tara mutane, a raba musu sunaye, su karanta rubutun da ƙarfi daga farko zuwa ƙarshe ba tare da tsayawa ba, wani kuma ya riƙe agogo. Marubucin ya yi shiru ya riƙa sa alama a inda aka yi dariya da inda aka yi tsit. Manyan shirye-shiryen Amurka ba sa tsallake wannan zama, kuma bayansa sukan sake rubuta sassa da yawa. Idan karatun ya kai minti 11 cif, rubutun ya yi tsawo, domin ba a lissafa faɗuwa daga keke da kallon-kallo da sauran abubuwan da ba magana a cikinsu ba. A rage har karatun ya tsaya a wajen minti 8 ko 9. Sauya wurin ƙofa yana da sauƙi tun ana awon fili, amma bayan an yi rufi sai an rushe bango, kuma a wannan aiki zane shi ne rufin.

Mataki na bakwai: a ɗauki murya kafin zane

Wanda ya saba da fim ɗin mutane zai yi zaton hoto ake fara yi, amma a irin wannan katun murya ce take gaba, zane ya bi ta. Dalili shi ne mai zane yana buƙatar sanin daidai inda aka ja numfashi da inda aka yi jinkiri kafin ya motsa fuska. A nemi ƙaramin ɗaki mai labule da katifu ko tulin tufafi, a kashe fanka, a nisanci janareta, a kuma zaɓi lokacin da unguwa ta yi shiru. Makirufo ya kasance kimanin taƙi ɗaya daga baki, a ɗan karkace shi don kada iskar "b" da "f" ta riƙa bugunsa. Manhajar Audacity kyauta ce kuma ta isa. A ɗauka a tsarin WAV a kan 48 kHz, wanda shi ne ma'aunin sautin bidiyo. A ɗauki kowane layi sau uku da salo daban-daban, a kuma ɗauki rabin minti na shirun ɗakin don cike gurabe. In da hali, masu muryar aminan nan biyu su tsaya tare a ɗauke su lokaci guda, saboda zolaya ba ta yin armashi idan kowa ya yi tasa shi kaɗai.

Game da muryar yaro, an daɗe da gano cewa babbar mace mai siririyar murya ta fi dacewa da shiri mai dogon zango, domin muryar yaro takan buɗe cikin 'yan shekaru. Nancy Cartwright ce take yin muryar Bart, yaron gidan, tun farkon The Simpsons. Idan kuma yaro na gaske za a sa, a nemi izinin iyayensa, kuma kada a tsare shi awanni.

Mataki na takwas: siffofi da muhalli

A zana kowane mutum ta yadda za a gane shi ko da inuwarsa kawai aka gani: Malam Buba dogo siriri da tef ɗin awo a wuya, Malam Modu kakkaura da doguwar hula. A yi wa kowa takardar siffa mai nuna shi ta gaba, ta gefe da ta baya, tare da fuskokinsa na fushi, kunya, mamaki da murmushi, a kuma jera su gaba ɗaya a shafi guda don a tsayar da tsayin kowa. Masu zanen Hanna-Barbera sun riƙa sa wa siffofinsu kwala ko abin wuya don a raba kai da jiki, ta yadda za a motsa kai kaɗai jiki yana tsaye. Tufafinmu sun sauƙaƙa wannan: wuyan kaftani yana raba kai da gangar jiki, doguwar riga tana rage aikin zana ƙafafu, hijabi kuma yana ɗauke wahalar gashi da wuya. Sai dai a guji yawan aiki a jikin riga da hula, domin duk zaren da aka zana sau ɗaya sai an bi shi a kowane hoto.

Wurare huɗu sun isa wannan kashi: zauren ɗinki, tsakar gida, layin da ke gaban gidajen da katangar dattijo, da wurin gyaran keke. A fita da waya a ɗauki hotunan unguwa ta gaske don a ga yadda indararo yake fitowa daga soro, da yadda kwata take bin gefen layi, da launin katangar ƙasa idan ta jiƙe. A zana layin sau biyu, na rana da na dare. Waɗannan zane-zane jari ne, domin za a yi ta amfani da su a kashi na gaba.

Mataki na tara: allon labari da fim ɗin gwaji

Allon labari shi ne jerin ƙananan zane-zane na gaggawa da ke nuna kowane ɗauka: wa ke cikin hoto, daga ina ake kallonsa, me yake yi. Ba a neman kyau a nan, a gane kawai. A barkwanci hoto mai faɗi yakan fi na kusa aiki, saboda ana so a ga mai magana da wanda maganar ta faɗa wa a lokaci guda. Karon katangar ma ba sai an nuna shi ba: a nuna Malam Buba ya fice daga hoto a guje, a bar layin babu kowa na daƙiƙa guda, sannan a ji ƙara, taya ɗaya ta gangaro ta dawo ita kaɗai. Wannan ya fi ban dariya, ya kuma rage aikin kwanaki.

Daga nan a ɗora waɗannan zane-zane a kan muryar da aka ɗauka cikin manhajar haɗa bidiyo, kowane zane ya tsaya gwargwadon lokacinsa. Abin da aka samu shi ne fim ɗin gwaji, kuma shi ne wuri na ƙarshe da gyara yake da arha. A nuna wa mutanen da ba su san labarin ba. Idan dariya ba ta zo a inda ake tsammani ba, sau da yawa ba layin ne ya lalace ba, jinkirin da ke gabansa ne ya yi kaɗan ko ya yi yawa, kuma ƙara hotuna shida ko takwas na shiru yakan gyara shi. Bayan an amince da fim ɗin gwaji, a rufe shi, kada wani ya sake kawo sabuwar dabara.

Mataki na goma: motsi

Ga ƙaramar ƙungiya, hanyar da ta fi dacewa ita ce a yanka kowace siffa gaɓa-gaɓa, kai da hannuwa da gangar jiki, a haɗa su a cikin manhaja da ƙasusuwa, wato layukan da ke riƙe gaɓoɓin kamar ƙashi a jiki, a riƙa motsa su maimakon sake zana su. Irin wannan sauƙin siffa ne ya sa masu South Park, wani katun na Amurka, suke iya gama kashi cikin kimanin kwana shida. Cikin manhajojin wannan aiki, Moho da Toon Boom Harmony na kuɗi ne. OpenToonz, Synfig da Blender kyauta ne, Krita kuma tana da kyau wajen zanen muhalli. A zaɓi guda a zauna a kanta. A fara da manyan tsayuwa na kowane ɗauka, sannan a cike tsakaninsu, sannan ƙifta ido, baki kuma a ƙarshe.

Siffofin baki shida zuwa tara sun wadatar: rufaffe na "m", "b" da "ɓ", buɗaɗɗe na "a", miƙaƙƙe na "i", zagayayye na "u" da "o", da na tsaka-tsaki. Yawancin Hausawa da leɓɓa biyu suke furta "f", don haka siffar haƙori a kan leɓe da ake samu a shirye-shiryen da aka yi don Turanci ba lallai ta dace ba. Dogon wasali kuma a bar bakinsa ya ɗan daɗe a buɗe. Manhajar Papagayo tana taimakawa wajen jera baki da murya, amma sai an bi da ido an gyara. Mafi yawan ƙoƙari a kashe shi a kan ido da gira. A fitowar liƙe katanga, lokacin da Abba ya hango ƙujewar da ke hannun mahaifinsa, abin da ake buƙata kawai shi ne idon yaron ya sauka kan hannun, ya koma kan fuskar uban, uban kuma ya kawar da kai ya ce, "Kai, miƙo mini ruwan nan." Idan aka yi waɗannan daƙiƙu huɗu da kyau, sun ɗauke nauyin duk abin da alkunya ta hana a faɗa. A riƙa adana aiki a wuri biyu kullum, saboda ɗaukewar wuta ba ta sallama.

Mataki na ƙarshe: sauti, haɗawa da fitarwa

A ƙara sautin muhalli a ƙarƙashin magana: kukan zakara, ƙarar keken ɗinki, ƙararrawar keke, babur daga nesa. Gara a ɗauke su da kai a unguwa, domin sun fi na intanet kama da gida. Kiɗa ya zama na ƙungiyar ne ko wanda aka sami izininsa a rubuce, in ba haka ba YouTube zai iya toshe bidiyon ko ya karkatar da kuɗinsa ga mai waƙar. Ba a saba sa dariyar gwangwani, wato naɗaɗɗiyar dariyar jama'a da ake ɗorawa a kan wasa, a katun na zamani ba, kuma ba na ba da shawarar a sa. A saurari sautin a lasifikar ƙaramar waya, tunda a nan mafi yawan masu kallo za su ji shi, a tabbata kiɗa bai danne magana ba. A fitar da bidiyon a girman 1920 da 1080 a tsarin MP4, a kuma yi wani ƙarami mai sauƙin turawa ta WhatsApp. Wanda zai sayar da aikin ko ya nuna shi a bainar jama'a ya tuntuɓi hukumar tace fina-finai ta ƙasa, da ta jiha a inda take, kamar Kano, don ya san abin da ake buƙata kafin ya sa ranar fitarwa. Sannan a tattara siffofi da muhalli da sautuka cikin manyan fayiloli masu suna a bayyane, a rubuta kwanakin da kowane mataki ya ci, domin da wannan lissafi ne za a tsara jadawalin kashi na biyu.